Mutumin Da Ke Karanta Littafi Ta Baya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ɗan'uwana kuma taubashina, shugaban sashen kwamfuta da alƙaluman bincike na jami'armu. Manya da yara a wurin aiki Injiniya suke kiran sa, mu kuwa a gida ba mu san shi da wani suna ba sai Dogo. Ina cikin aji labarin ya same ni. Ajin namu na masu koyon karantar da kurame ne, da hannu muke yawan magana a cikinsa. Waya ta yi ta motsi a aljihuna har na gaji na ɗauka, sai na ji muryar matarsa tana cewa an gama. Na juyo zan sallami ɗalibai, hannuwana suka ƙi ɗaguwa. Haka na fita na bar su suna kallon juna.

Dogo, na jinkirta wannan rubutu da gangan. Na so in jira kwamitin tantance sassa ya zauna, ko zan sami labari mai daɗi in haɗa da ta'aziyyarka. Kwamiti ya zauna. Ban sami labarin ba, kuma ba zan ƙara jira ba.

Kai ɗan Gwaggo ne, ni ɗan kawunka, gida ɗaya muka tashi, kuma tun muna 'yan gajeren wando ba ka bar ni na sha ruwa ba. Kai ka fara kira na Mai Sanƙo tun gashina yana cike da kai, sai ga shi bakinka ya kama ni kafin in kai shekara arba'in. Da muka girma muka sami aiki wuri ɗaya, ban tsira ba. In ka hango ni a farfajiya cikin manyan baƙi, sai ka ɗaga murya ka ce a ba Farfesa hanya, kada rana ta haska kansa ta kashe wa mutane ido. Ni kuma in ce maka ka sunkuya, fanka na tafe. Wannan wasa ne kawai ya rage mini daga yarinta, ga shi ka tafi da shi.

Mutane da yawa da suka zo jana'izarka ba su san takamaiman aikinka ba, sun dai san kai ne mai kwamfuta. Bari in faɗa musu. Duk malamin jami'a da ya yi bincike yakan buga shi a mujalla. In wani mai bincike ya karanta ya amfana, sai ya ambaci aikin a ƙarshen nasa rubutun, a shafin manazarta. Wannan ambato shi ake ƙirgawa yanzu a duniya. Wanda aka ambata da yawa a ce bincikensa yana da inganci, wanda ba a ambata ba a ce bai yi komai ba. Akwai manyan rumbunan bayanai a ƙasashen waje da ke tara wannan ƙidaya, kai kuma aikinka ka jawo ta, ka tace, ka jera wa kowane malami da kowane sashe abin da ya samu, ka miƙa wa hukumar jami'a. Da wannan ake ƙarin girma, da shi ake raba ɗakunan gwaji, da shi yanzu ake yanke wa sashe hukuncin rayuwa ko mutuwa.

Aikin ya bar maka wata ɗabi'a da muke yi maka dariya a kai. Ko wane littafi aka miƙo maka, ta baya kake buɗe shi. Ba ka duba suna, ba ka duba gabatarwa, sai ka kifa shi ka nemi shafin manazarta. Ranar da na kawo maka littafina na farko ina ta fara'a, haka ka yi mini, ka karanta shafukan ƙarshe tsaf, ka miƙo mini ka ce ya yi kyau. Na ce ai ba ka karanta ba. Ka ce ka ga waɗanda na gaisar, wannan ya ishe ka sanin tarbiyyata. A wurinka ambato gaisuwa ce da mai ilimi ke yi wa wanda ya riga shi, kuma ba ka son mai rowar gaisuwa.

Ofishinka yana ƙasan bene, bayan ɗakin karatu, ɗaki mai sanyi kamar cikin firji saboda na'urorin da ke gunji a bayan gilashi. Shekara da shekaru kana zaune ciki da wata tsohuwar rigar sanyi mai ruwan toka da hannunta bai kai maka wuyan hannu ba. Kowa ya shigo da matsalarsa sai ya zauna a kujerar roba ta kusa da butar shayi. Na sha tarar da manyan malamai a kan wannan kujera sun yi zuru kamar masu jiran likita. Ba ka taɓa sa wani ya ji kunyar rashin sanin kwamfuta ba. Abu ɗaya ne ba ka yafewa: mutum ya ce maka bai ajiye kwafin aikinsa ba. Nan za ka ɗaure fuska ka yi ta faɗa, ka ce komai a ajiye shi wuri uku, don na'ura ba ta da alƙawari.

Na tuna wani dattijo malamin ilimin sinadarai da ya zo dab da ritaya. Ya shigo ya ce maka shi dai ya san ba wanda ya taɓa karanta shi, ka cika masa takardar ƙidayar ambatonsa a yadda take ya tafi gida. Ka ce ya dawo bayan azahar. Da ya dawo ka nuna masa wata matashiya a wata ƙasa mai nisa da ta gina bincikenta kacokan a kan wani gwaji da ya yi yana saurayi, har ta ambace shi a wurare da dama. Ka buga masa shafin a takarda mai kauri. Dattijon nan ya riƙe takardar, ya tambaye ka ko zai iya tafiya da ita ya nuna wa iyalinsa. Ya zo jana'izarka ana riƙe da shi. Irin wannan ka yi wa mutane ba adadi, ba ka kuma taɓa ba ni labarin ko ɗaya ba, a bakin masu shi nake ji.

To amma abin da ya ɗaure ni da kai fiye da jini shi ne 'yarka Auta. Tana ƙarama zazzaɓi mai zafi ya kama ta, ta tashi ba ta ji. Ban manta ranar da ka shigo ofishina ba, ka tsaya a bakin ƙofa kanka na taɓa samanta, ba wasa ba tsokana, ka ce mini yarinyar nan tana kuka ba ka san abin da take so ba. Ranar ce kaɗai na ga hawayenka. Na haɗa ku da wata malama da ta gama karatu a sashenmu, ita ta buɗe wa Auta maganar hannu, ta koya mata karatu da rubutu. Kai ma ka zauna ka koya da girmanka, da waɗannan zara-zaran yatsun naka da ke rikita kalmomi har yarinyar ta riƙa faɗuwa don dariya. Auta ce ta raɗa mini suna a maganarsu: a shafa tsakiyar kai da tafin hannu. Na san kai ka kitsa mata.

Auta ta girma, ta gama sakandare da sakamako mai kyau, kuma ba ta da buri sai ɗaya: ta shiga sashenmu, ta fito malamar kurame. Sashenmu ne kaɗai a duk wannan yanki yake horar da irin waɗannan malamai, shi ne kuma kaɗai wurin da kurma zai zauna a aji a yi masa darasi da harshen da yake ganewa. In babu shi, babu inda za ta. Bana ne za ta nemi shiga.

Ana nan sai hukumar jami'a ta fito da sabon tsari. Aka ja layi: duk sashen da ambaton bincikensa bai kai kaza ba, za a dakatar da ɗaukar ɗalibai a cikinsa, waɗanda ke ciki su ƙarasa, a raba malamai zuwa wasu sassa. Ba zan ce mugunta ce ba. Jami'o'i gasa suke yi, kowa yana son ya hau sama a jerin da ake bugawa, kuma kayan aiki ba su isa kowa ba. Kai aka ba aikin fitar da alƙaluman. Da ka fitar da na farko, sassa suka jeru a fuskar kwamfuta, wasu kore, wasu ruwan ɗorawa, namu ja wur a can ƙasa. Rumbunan waje ba su ma san da mujallar da muke bugawa ba. A wurinsu ba mu taɓa rubuta komai ba.

Ƙananan malamaina suka tayar da hankali. Suka zo mini da shawarar da suka ce wasu na yi: mu haɗa kai da abokai a wasu jami'o'i, ka ambace ni in ambace ka, ko aikin ya shafi naka ko bai shafa ba, kafin shekara ta zagayo alƙaluma sun kumbura. Na kawo maka maganar in ji ta bakinka. Ka yi dariya ka ce wannan ai adashi ne, yau kwasar wane, gobe ta wane. Ka juyo mini da kwamfuta ka nuna mini yadda irin wannan ke fitowa a zane, wani ɗan da'ira na mutane suna ta gaisar da junansu, ba mai shiga ba mai fita. Ka ce in muka yi, kai da hannunka za ka cire shi daga lissafi. Sannan ka ce in ba ka lokaci, na'ura abin da aka nuna mata take ƙirgawa, kuma ba a taɓa nuna mata mu ba.

Abin da ka yi daga nan ba wanda ya sa ka. Ka nemi izini daga hukuma a ƙirga har da ambaton cikin gida, aka amince bayan an kai ruwa rana. Ka shiga ɗakin ajiyar kundayen digiri, inda ba mai shiga sai ɓera, ka riƙa ciro su ɗaya bayan ɗaya kana buɗewa ta baya, kana ɗora shafin manazarta a kan sikana mai ɗaukar hoton takarda. Ka bi mujallun gida da suka daina fitowa, ka rubuta wa wasu jami'o'i su turo nasu, ka ƙera manhajar da za ta karanta shafukan ta tsamo sunaye. Ba don sashenmu kaɗai ka yi ba, har da na tarihi da na harsuna da duk masu rubutu a gida, kuma biyu daga cikinsu wannan aiki naka ne ya fitar da su daga ja. Watanni ka ɗauka. Ka rame, ka fara haki in ka hau bene, in na yi magana ka ce tsayi ne ya yi wa zuciyarka yawa, hanya ta yi mata nisa.

Ranar da ka gama, ka kira ni ofis da la'asar. Na shigo da murna, na ga ba ka zuba mini shayi ba, nan na san ba labari mai daɗi ba ne. Ka juyo da kwamfutar. Mun ɗaga, ƙwarai mun ɗaga, amma ko rabin layin ba mu kai ba. Na ce ka sake dubawa. Ka ce ka duba har ka gaji.

"Ba a ɓoye muku komai ba, Mai Sanƙo," ka ce. "Iyakar abin da ke akwai ke nan. Masu karanta ku malaman firamare ne da iyayen yara. Suna karantawa su shiga aji su yi aiki da shi. Ba sa rubuta maƙala, to a ina za su ambace ku?"

Na ce to Auta fa. Ka murza hannun rigar sanyin nan. Can ka ce alƙaluman za ka miƙa su yadda suke, ba za ka ƙara ko ɗigo ba. Amma za ka nemi a ba ka dama ka tsaya gaban kwamiti da kanka, ka gaya musu cewa wannan ma'auni da kai ka gina ba ya iya auna irin sashenmu, kuma in sun rufe shi, kada su ce lissafi ne ya sa su. Ka ce in ni na faɗa, za a ce mai sashe ne ke kare tuwonsa. In kai mai alƙaluman ka faɗa, dole su saurara. Na ce ka rubuta ka haɗa da rahoton. Ka ce a'a, in ka rubuta, shafi ne za a lika a ƙarshe, kuma ka fi kowa sanin ba mai karanta ƙarshen rahoto sai kai. Ido da ido kake so.

Ka miƙa rahoton. Ba a yi nisa ba numfashi ya fara gagarar ka, aka kwantar da kai. Na je duba ka, ka ce mini sabis kawai aka kawo ka, a canja mai a ɗaure kusoshi. Ka tambaye ni ranar zaman kwamiti, na faɗa maka, ka ce ko a keken marasa lafiya sai ka je. Auta tana gefen gado, ka juya mata baya kaɗan don kada ta karanta leɓenka, ka ce kada in gaya mata komai tukuna. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Bayan rasuwarka na sa mataimakinka ya bincika mini kwamfutarka da duk ma'ajiyarka. Komai yana nan wuri uku, kamar yadda kake koya wa mutane: kowane shafi da ka ɗauka, kowane lissafi, har da jadawalin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Abin da za ka faɗa wa kwamiti kaɗai ne babu. Ko layi ɗaya ba ka bari ba. Haba Dogo. Kai da ka shekara kana yi wa mutane faɗa.

Kwamiti ya zauna a babban ɗakin taro na sama. Aka buɗe da yi maka addu'a, shugaban zaman ya yabe ka yabo na gaskiya, ya ce jami'a ba ta taɓa samun mai amana irinka ba. Sannan aka haska alƙalumanka a bango. Da aka zo kanmu na miƙe na faɗi abin da ka gaya mini, kalma da kalma gwargwadon abin da na riƙe. Suka saurare ni cikin ladabi. Wani ya tambaya ko marigayi ya bar wannan a rubuce. Na ce a'a. Wani ya ce ai marigayin da kansa ya faɗaɗa ƙidayar har ta haɗa da na gida, kuma kowa ya san dangantakarsa da sashen, in da akwai abin da zai cece shi da ya samo. Ka ji fa. Gaskiyarka ce ta zama hujjarsu. Ba wanda ya yi mini tsawa, ba wanda ya yi ƙarya, aka ɗaga hannu aka wuce sashe na gaba. Daga bana ba za mu ɗauki ɗalibi ba.

Zan faɗa maka abin da ke raina, tunda ba mu saba ɓoye wa juna ba. Ina jin haushinka. Ban roƙe ka ka taɓa alƙaluman nan ba, don na san amsar da zan samu, kuma da ka taɓa su da ba kai ba ne. Amma akwai ranakun da nake zaune a ofis ina duban ajin da zai zama wurin ajiye kujeru, in ji da ma ka yi ba tare da na roƙa ba. Sai in yi istigfari. Sai kuma haushin ya koma kan taurin kanka na ƙin rubuta shafi ɗaya. Daga nan ya koma kaina, da ban iya magana yadda za a ji ba. A ƙarshe ba ya sauka a kan kowa, sai baƙin ciki tsagwaronsa. Ban ga ƙofa ba, Dogo. Na rubuta ƙorafi, na san inda zai kwana. Malamaina sun fara neman wasu wurare, ban kuma hana su ba.

Ranar Asabar da ta wuce na je gaishe da Gwaggo a gidanka. Tana zaune a falo da carbi, ba ta cewa komai sai sunanka na yarinta. Da zan fita Auta ta biyo ni baranda, ta taɓa kafaɗata. Ta shafa tsakiyar kanta, wato ni, sannan ta tambaye ni da hannu yaushe za a fara sayar da takardar neman shiga, don ta ga ta sauran sassa ta fito, tamu shiru. Ka ce kada in gaya mata tukuna. Ba ka gaya mini sai yaushe ba.

Na gaya mata. A maganar hannu ba a iya kewaye-kewaye, fuska tana tona mutum kafin yatsu su gama. Ta tsaya tana kallona. Sannan ta tambaya ko alƙaluman Baba ne. Na ce nasa ne. Ta tambaya ko ya yi kuskure a ciki. Na so in ce e, wallahi na so, ko don ta sami abin da za ta jira a gyara. Na ce bai yi ba. Ta gyaɗa kai a hankali, ta tura hannuwanta biyu cikin mayafi. Wanda ya zauna da kurame ya san ma'anar wannan: magana ta ƙare. Ta koma ciki, ni kuma na daɗe a tsaye kafin in tuna inda na ajiye mota.

Ya Allah, ga bawanKa Dogo ya zo gare Ka. Ka san abin da ya ƙirga da abin da ƙidaya ba ta kai gare shi ba, Ka auna shi da rahamarKa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa amanar da ya riƙe ta zame masa abokiyar zama, Ka saukar da shi a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo, wadda ta binne ɗan da ta sa ran shi zai binne ta. Ga matarsa da 'ya'yansa maza. Ga abokan aikinsa na ɗakin ƙasan bene, da duk wanda ya taɓa zama a kujerar roba ya tashi da sauƙi a ransa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Ke kuma Auta, na san za ki karanta wannan. Na yi wa kowa ta'aziyya, ke ban san da wane hannu zan yi miki ba. Allah Ya buɗe miki wata hanyar, 'yata, don Baffanki ba shi da ita.